Hular Kwanon da Ta Kai Ni Dungas

Tun da na dawo, babu mai tsayawa gaban teburina ya miƙo agogo ya yi shiru. Sai ya fara da, "Malam Idi, wai da gaske har Nijar ka je da hular soja?" In ba shi labari ya tafi, wani ya zo ya ce a ɗauko daga farko. Jiya har mai shayin da ke gefena na ji yana bayar da labarin a madadina, ya sa masa raƙumi da harbin bindiga, abubuwan da ni mai tafiyar ban gani ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya karanta ya ƙyale ni in yi aikina.

Ga wanda bai san ni ba, gyaran agogo da tabarau nake yi a bakin kasuwar Gumel tun ina saurayi. Sana'a ce ta amana. Mutum zai ba ka agogon da ya gada wurin ubansa ya juya ya tafi, bai san abin da ke cikinsa ba, balle ya san abin da za ka cire. Ranar da aka ce kana musanya kayan ciki, to ka tashi daga aiki, ko da kuwa kana nan zaune a kujerarka.

Asalin maganar, wani mai neman kujera ne ya yi wa 'yan sintirin wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar kyauta, saboda ɓarayin shanu sun hana su sakat. Ya ba su hular kwano irin ta sojoji, da madubin dare, wato na'urar nan da ake gani da ita cikin duhu, da wani ɗan ƙarfe mai gwiwa wanda ke riƙe madubin a goshin hular. Aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka watse, babu wanda ya san yadda ake haɗa su. Sai yaron ɗan siyasar, wanda kowa ke kira Kodineta, ya zubo su a leda ya kawo min, wai tunda ni na saba da ƙananan noti.

Aikin bai ba ni wuya ba. Akwai ɗan faranti da ake ɗaurewa a goshin hular, na ɗaure shi da notinsa, na zura ƙarfen ya ce ƙas. Ƙarfen kansa abin sha'awa ne. Akwai inda ake murɗawa madubin ya hau ko ya sauka, akwai na matso da shi kusa da ido, akwai na karkata shi, in ka gama kuma ka tura shi sama ya kwanta a goshi. Na shiga siton maƙwabcina mai hatsi, na rataye hulata a ƙusa, na kifa hular kwanon, na ja ƙofa. Ina sauke madubin ya zauna daidai idona. Na ga buhunan gero kore shar, har da wani ɓera da ya tsaya yana kallona. Na fito na miƙa wa Kodineta kayansa, ko na gode bai ce ba.

Ba a jima ba aka kore shanun wani Ardo a gefen ƙauyen. Ranar kasuwa, ido na ganin ido, sai ga Kodineta da 'yan sintiri a bayansa. Ya dangwarar da hular a kan teburina har gilasan agogo suka yi tsalle.

"Baba Tanko ya ce bai ga komai ba!" Da ƙarfi yake magana don kowa ya ji. "Madubin a goshinsa yake tsayawa. Ya murɗa duk abin murɗawa, ya ƙi saukowa idonsa. An kore shanu yana kallon duhu. Ka cire ƙarfen asali ka sa mana na bogi, to ka dawo da shi!"

Baba Tanko shi ne shugaban 'yan sintirin, tsohon maharbi, mutumin da in ya faɗi magana a yankin nan ba a sake auna ta. Na ce, "Ni fa na gwada da kaina. Wani daga cikinku ya sa ya gani?"

Ɗaya daga cikin 'yan sintirin ya dube ni kamar na zagi uwarsa. "Wa zai sa hular Baba a kansa?"

Suka tafi da madubin, suka bar min hular da ƙarfen. Kafin la'asar wani Alhaji da na shekara da shekaru ina gyara wa agogo ya zo ya ce, "Ban shi haka nan, Malam Idi, zan kai Kano." Bai ko iya haɗa ido da ni ba. Washegari wasu suka biyo sahu. Na zauna ina kallon teburina yana raguwa. Ni da na mayar wa mutane da agogon zinare, yau ni ne ɓarawon guntun ƙarfe? Na rantse sai na nemo wanda ya san abin nan, ya gaya min ko na asali ne ko na bogi, ko da a bangon duniya yake.

Mai ɗakina Hajara ta ce, "Malam, haka za ka rungumi hular soja ka bi hanya? Ai kafin ka kai tasha an yi ram da kai." Ta karɓe ta, ta wanke, ta shimfiɗa leda a ciki, ta cika ta da dambun zogale, ta rufe da faifai, ta ƙulle a tsohon ɗankwali. "Ba hular kwano ake ce mata ba? To yau ta zama kwano." Ƙarfen kuma na jefa shi a aljihu.

Gagarawa na fara zuwa, don an ce akwai wani Saje Audu, tsohon soja, wanda babu makamin da bai sani ba. Na same shi a ƙofar gidansa yana ba wasu samari labarin yaƙi. Ya karɓi ƙarfen, ya riƙe shi a juye, ya rufe ido ɗaya, ya ce, "Wannan na harba gurneti ne. Na sha amfani da shi." Ina jin haka na san na ɓata kuɗin mota. Daga baya maƙwabcinsa ya raɗa min cewa duk zamansa a soja a madafa ya yi shi, iyakar makaminsa ludayi. To in ba ka sani ba, me zai hana ka ce ban sani ba? Ya buɗe faifaina ba tare da an ce masa bismilla ba, ya yi wa dambun ɓarna mai yawa. Abu guda mai amfani da ya fito daga bakinsa shi ne sunan wani Lawali a Dungas, tsallaken iyaka, tsohon sojan can, mai sayar da tsofaffin takalma da bel da gorar ruwa na soja.

Na juyo Gumel, na kama motar Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwarsu. Wanda bai taɓa shiga motar Maigatari ranar Alhamis ba, kada ya ce min ya san matsi. Wani bawan Allah ya ɗora min kan ragonsa a cinya, ragon kuma ya shinshino dambu, muka yi ta kokawa ni da shi har cikin gari. Mai ragon ko a jikinsa, waya kawai yake yi.

A bakin iyaka aka sauke mu a wani shinge. Wani mai kaki ya nuna ƙullina da sanda.

"Baba, mene ne a nan?"

"Kwano ne, yallaɓai."

"Kwanon me?"

"Na dambu."

Ya ɗaga faifan, ya ɗebi dambun ya watsa a baki, ya lumshe ido. Sai ya ƙwanƙwasa gefen ƙullin da ɗan yatsa. "Kai, wannan kwanon naka da kauri yake."

"Mai ɗakina ce ta zaɓo shi."

Ya ƙara ɗiba ya ce in wuce. Allah shaida ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona min rai, ni da ban taɓa ɓoye ko allura ba, ga ni ina ɓoye-ɓoye kamar ɗan fasa-ƙwauri, shi kuwa Kodineta yana can ƙarƙashin fanka.

A tsallake, acaɓa kabu-kabu suke ce masa. Wanda ya ɗauke ni ya ga tabarau a idona da biro a aljihu, sai ya ce, "Hau mu je, Mushe."

Na ce, "Wa kake kira mushe? Ka ga na yi maka kama da abin da ya mutu ba a yanka ba?"

Ya yi dariya har ya kusa faɗuwa. Ashe a wurinsu girmamawa ce, malamin makaranta ake kira haka. Na ce to ni dai a kira ni Malam, girman nan na yafe. Hanyar kuwa yashi ne zalla. A wani kwari babur ya kafe, muka zube gefe, ni na rungume kwanona, shi ya rungume ni.

Gab da magariba na sami Lawali yana tattara kaya. Dogo ne siriri, ƙafarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Na fara zayyana masa abin da ya kawo ni, ya ɗaga hannu. "Baƙo ba ya magana da yunwa. Gobe ma rana ce." Ya kai ni zaurensa, ya shimfiɗa min tabarma, aka kawo tuwon gero da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri har sai da na tausaya wa haƙorana. Sai shayi. Mu a Gumel in an ce shayi, babban kofi ne da madara, ka sha ka tashi. Su kuwa ɗan kofi ne kamar murfin kwalba, baƙi ƙirin, mai ɗaci, kuma sai an dafa an sake dafawa, kana zaune kana jira. Ni ina cike da magana, su suna ta ɗaga buta sama suna tsiyayawa. Da na kwance ƙullin, Lawali ya ce, "A'a, kaska ce ka zo da ita?" Na shiga kakkaɓe riga. Ashe hular yake nufi, haka sunanta ya faɗo musu daga bakin Faransa. Amma maganar gaskiya, mutanen nan sun iya karɓar baƙo. Ko sunan ubana ba su tambaya ba suka ba ni wurin kwana.

Da safe a rumfarsa ya karɓi ƙarfen. Ya jujjuya shi, ya murɗa nan, ya danna can, ya zura shi a goshin hular ya ce ƙas.

"Wannan na asali ne, ɗan'uwa. Wanda ya ɗaura farantin ma ya iya aiki."

Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Amma na ce, "To me ya sa ya ƙi saukowa idon mutumin?"

Ya ce bai sani ba. Ya lalubo wani mataccen madubi a ƙasan akwatinsa, ya maƙala, ya ɗora hularsa a gwiwa, ya kifa hular kwanon, ya ja igiyar haɓa. Madubin ya sauko daidai idonsa. Muka dubi juna, babu wanda ya gane komai.

Akwai wani dattijo mai sayar da goro a rumfar gefe, tun ɗazu yake leƙe. Ya ce a ba shi shi ma ya ga abin da sojoji ke gani. Lawali ya miƙa masa. Dattijon ya karɓa ya ɗora ta a kan hularsa, kamar yadda kowane dattijon kirki zai yi a tsakiyar kasuwa. Hular kwanon ta yi tsaye can sama, madubin ya tsaya a goshinsa. Ya murɗa, ya sake murɗawa.

"Ni fa ban ga komai ba."

Na miƙe zumbur. Maganar Baba Tanko ce, ba ragi ba ƙari.

Lawali yana dariya ya ce, "Baba, ai sai ka tuɓe hula. Ƙarfen nan iyakar saukarsa kamar yatsa biyu ne. An yi shi ne don kan da babu komai a kai."

Dattijon ya ce, "In tuɓe hula a kasuwa? Karɓi abinka."

Nan na tuna hular Baba Tanko. Duk yankinmu an san ta, wata tsohuwar hula mai kauri, an ɗinke ta da layu zagaye. Babu wanda ya taɓa ganin kansa babu ita. Ana cewa ko wanzami sai an rufe ƙofa yake yi masa aski. Wato duk wannan wahala, da ragon Maigatari, da faɗuwa a yashi, da sunana da aka ja a ƙasa, a kan hula ne! Na cika na batse. Na ce wallahi sai na sa tsohon nan ya tuɓe ta a gaban duk ƙauyen.

Lawali ya cika min hular da dabino, muka yi sallama. A hanyar dawowa ban san an yi shinge ko ba a yi ba, jawabina kawai nake shiryawa. Daga Gumel na wuce Sule Tankarkar, na hau acaɓa zuwa ƙauyen, na aika a gaya wa Kodineta ya zo.

Aka taru a ƙofar maigari. Ardon da aka kore wa shanu yana gefe a zaune, sandarsa a kan gwiwa. Can sai ga Baba Tanko, ƙaramin tsoho, hular nan a kansa. Yana isowa samari suka miƙe, wasu suka durƙusa. Na buɗe baki in sauke jawabina, sai na ga ba zan iya tozarta shi a gabansu ba. Abin da ya fito shi ne, "Baba, abin nan duhu yake so. In ba damuwa mu shiga ɗaki mu gwada, ni da kai."

Aka kawo madubin, muka shiga, na ja ƙofa, na maƙala shi. Na ce, "Baba, ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Hularka ce take ɗaga shi."

Sannan ya ce, "Ubana ne ya sa min ita da hannunsa, ranar da ya ba ni baka. Ban taɓa shiga daji babu ita ba."

"Na sani, Baba. Amma ƙarfen ba ya sauka ya wuce haka."

Na ji motsinsa ya juya min baya, ko da yake duhu ne, kafin ya tuɓe hular. Na ji ƙarar igiyar haɓa, na ji madubin ya sauko. Sai ya ja numfashi.

"La'ilaha illallahu. Ga ka nan, Malam Idi, kore shar." Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa. "Ashe da na ga ɓarayin nan."

Da muka fito, hularsa ta koma mazauninta, hular kwanon tana hannunsa. Maigari ya ce, "Yaya, Tanko?"

"Ya gyaru, ranka ya daɗe."

Kodineta ya yi tsalle ya miƙe. "Kun gani ko? Da ya ji wuta, ai ga shi ya dawo da na asalin!"

Mutane suka shiga gyaɗa kai. Na dubi Baba Tanko ina jira. Ya dubi Ardo, ya dubi ƙasa, bai ce uffan ba. Na tafi da sunan wanda ake zargi, na dawo da sunan ɓarawon da ya tuba. Ban san lokacin da na hau acaɓa ba, ko sallamar kirki ban yi wa maigari ba. A gida Hajara ta ce, "To kai me ya hana ka faɗa?" Na ce bakina ne ya ƙi. Ina jin haushin tsohon, ina jin haushin kaina da na rufa masa asiri shi ya bar nawa a buɗe. Kodineta kuwa, har yau da nake rubutun nan bai zo ya ce min yi haƙuri ba, kuma in yana karantawa, ya sani ban manta ba.

Da kasuwa ta zagayo, ina zaune gaban teburin da ya kusa zama wayam, sai na ga inuwa ta rufe ni. Baba Tanko ne, shi kaɗai, ƙura har gwiwa. Ya tsaya daidai inda Kodineta ya tsaya. Bai gaishe ni ba. Ya juya ya fuskanci kasuwa, ya ɗaga murya irin ta masu kira a daji.

"Jama'a, ku saurara! A nan aka ce mutumin nan ya musanya ƙarfe, to a nan zan faɗa. Ƙarfen da ya ɗaura tun farko shi ne har yau. Bai taɓa komai ba. Ga abin da ya hana ni gani."

Ya sa hannu biyu ya tuɓe hular, ya ajiye ta a kan teburina.

Kansa fari fat, ga wani tsohon tabon sara daga goshi har ƙeya. Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Masu hatsi suka bar awo. Wasu dattawa suka kawar da kai, don ba abin kallo ba ne.

"Shanun Ardo a wuyana suke," in ji shi. "Ba zan ƙara da alhakinka ba. Ka san dabarar da za ka yi wa layun nan su bi ni daji ba su tokare ƙarfe ba."

Duk jawabin da na shirya tun daga Dungas, ban tuna ko kalma ɗaya ba. Na ga rana tana dukan tabon nan, ga mutane suna ƙaruwa. Na miƙe, na cire hulata, na kifa masa.

Ranar nan, haka na ratsa garin Gumel zuwa gida, kaina a buɗe, layun Baba Tanko a aljihuna. Hular tawa har yau tana wurinsa, ban kuma tambaye shi ba.